Fitilun Bayan Motar Alhaji da Dattijon da Na Ɓata wa Suna

Cikin shekarun da na yi ina gyaran wutar mota a Dogon Dutsi, motoci da yawa sun shigo garejina sun fita, mafi yawansu ko kalarsu ba zan iya tunawa ba. Amma akwai wata farar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe, wadda har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba. Ta ba ni wuya ƙwarai wajen gyara, sai dai abin da ya zaunar da ita a raina shi ne abin da na yi wa mutumin da ke tuƙa ta.

Motar ta wani matashin ɗan kasuwa ce, muna ce masa Alhaji duk da a lokacin bai cika shekara arba'in ba. Mutum ne mai tsananin riƙo da addini, ba ya wasa da salla, kuma ko kalma ɗaya ba ya son ji da ta shafi bori ko iskoki. Sana'arsa sayen wake da gero a kasuwannin ƙauye, a kawo masa gari ya tara a mangaza, wato ɗakin ajiyarsa. Direbansa kuwa wani dattijo ne ɗan wajen Dumega, siriri, mai furfura a gemu, wanda ya fara tuƙi tun ni ban iya ɗaura wando ba. Kowa Baba yake ce masa. Mahaifiyarsa a zamaninta sananniyar ƴar bori ce, duk yankin an san da ita, amma shi tun yana saurayi ya bar wannan hanya. In dai yana gari, ba a tada salla a masallacin tasha ba ka gan shi a sahun gaba ba.

Wata safiya bayan an gama girbi, Baba ya shigo da motar ya faka a gindin bishiyar bedin da ke bakin garejina. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "Ɗana, hitilun baya ne ke mutuwa. Manyan na gaba lahiya lau, amma ƙananan da jajayen na baya, da wutar tablo, duk tare suke ɗaukewa."

Ga wanda bai san aikin ba, waɗannan ƙananan fitilu su ne direba ke kunnawa da faɗuwar rana don na bayansa ya san akwai mota a gabansa. Layinsu ɗaya da wutar tablo, wato allon da ke gaban direba, shi ya sa in tablo ya yi duhu, direba mai lura zai gane bayansa ma ya yi duhu. Na buɗe akwatin fuzibil, ɗan ƙarfen nan da ke ƙonewa in wuta ta yi gardama don kada wayoyi su kama. Na ga sabo ne. Baba ya zaro wasu guda huɗu daga aljihun gaban rigarsa, duk sun ƙone, ya zuba mini a tafin hannu. Ya ce duk lokacin da suka mutu yakan tsaya ya sauya, sannan ya ci gaba da tafiya, don ba zai hau kwalta da duhun baya ba.

Na duba ƙwayayen fitilun, lafiyarsu ƙalau. Na kwance mazauninsu na goge tsatsa, na ƙara ɗaure wayar mas da ke manne da ƙarfen motar. Na kunna, komai ya kama. Na ce, "Baba, an gama, tsatsa ce." Ya tsaya yana kallona kamar mai son ƙara magana, amma ya yi godiya ya tafi.

Mako na zagayowa sai ga shi ya dawo da wani ƙonannen fuzibil. Wannan karon na ɗauki rabin yini a kanta. Na cire makunnin da ke jikin sitiyari na buɗe shi, na bi wayoyin da ke ƙarƙashin tablo ɗaya bayan ɗaya da fitilar gwaji, na shiga ƙarƙashin motar na haska iya inda idona ya kai. Na girgiza wayoyi, na buga ƙofofi, na sa aka bar fitilun a kunne har batir ya fara sanyi. Ko ƙyaftawa ba su yi ba. Don kada a ce ban yi komai ba, sai na sauya makunnin gaba ɗaya.

A ranar ne Baba ya zauna kan benci kusa da ni ya ce, "Ɗana, ka saurare ni in gaya maka abin da na lura. Wutar nan ba ta mutuwa in mun tahi. Sai in mun ɗoro kaya daga kasuwar Sukukutane muna dawowa da magariba, hitilu a kunne. Akwai wani kwari da ruwa ke bi da damina, mai gangara da tudu. Da mun gangara mun hau, nan take tablo ya yi duhu. Kullum wuri guda."

Da ina da hankalin da nake da shi yau, da wannan magana kaɗai ta ishe ni. Mutumin ya miƙo mini amsar a faranti. Amma ni a lokacin kaina ya kumbura, ina ganin duk garin babu wanda ya kai ni sanin waya, kuma me direba ya sani ban da riƙe sitiyari? Na ce masa to, na ji, alhali ko cikin kunnena maganar ba ta tsaya ba.

Karo na uku Alhaji da kansa ya biyo motar. La'asar ce, majalisar masu shayi da ke jikin garejina ta cika, kowa yana ji. Bai ɗaga murya ba, don ba halinsa ba ne, amma ya ce, "Malam, sau biyu ke nan. In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa mini, in kai ta wani wuri." A kwanakin nan akwai wani sabon mai wayarin da ya dawo daga Yamai ya buɗe wuri a bakin kwalta, yana da na'urar awo mai allo, samari sai zancensa suke. Na san inda Alhaji yake nufi. Na ji kunya ta rufe ni a gaban mutane.

Na sake shiga gaban motar ina lalube, ba don ina da wani abin da nake nema ba, sai don kada in tsaya hannu sake. A nan hannuna ya taɓo wata siririyar jar waya da aka jona a bayan wurin kunna taba, aka zagayo da ita gefen kujera. Na jawo ta waje na ce, "Wannan fa, wa ya sa ta?"

Baba ya ce shi ne. Ya ce mutanen ƙauye ne ke ba shi wayoyinsu na hannu ranar kasuwa ya sa musu caji, tun da babu wuta a can, kuma ba ya karɓar komai a hannunsu.

Ina so mai karatu ya fahimci wannan wurin da kyau, don a nan zunubina yake. Na san sarai wannan jar waya ba ta da haɗi da fitilun baya. Layinta daban, fuzibil ɗinta daban. Ko ɗan koyon da ya yi wata uku a sana'ar ya san haka. Amma na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, na ce, "To, Alhaji, ga ɓarawon wutarka. Ni ina gyarawa, ana kwance mini aiki ta baya."

Baba ya miƙe tsaye a hankali. Ya ce, "Haba ɗana, wagga waya ta shekara biyu a nan, ba ta taɓa ɓata komai ba. Na gaya maka, a kwarin nan ne wutar ke ɗaukewa, kullum wuri guda, da magariba."

Ni kuma sai bakina ya riga hankalina. Na juya wajen ƴan majalisa ina dariya na ce, "Kun ji ko? Wai kullum wuri guda, da magariba, a cikin kwari. Baba, ko doguwa ce ke hure maka fitila? To ai wannan ba aikina ba ne, gadon gida ne, ku kuka san yadda ake roƙonta."

Majalisa ta fashe da dariya. Wani har shayinsa ya zube. Wani daga can baya ya ce, "Direban doguwa!" aka sake kecewa. Baba ya dube ni ido cikin ido na ɗan lokaci, sannan ya sunkuya ya ɗauki butarsa da ke bayan kujera, ya nufi masallaci. Alhaji kaɗai ne bai yi dariya ba. Fuskarsa ta ɗaure, ya tambaye ni a hankali ko da gaske tsohon yana irin wannan zance. Da na ce masa a'a, wasa nake yi, da komai ya tsaya a nan. Amma na ɗaga kafaɗa na ce, "Kai ma ai ka ji da kunnenka."

Kwana biyu bayan haka na ji Alhaji ya karɓi makullin motarsa. An ce ya gaya wa Baba cewa ba zai iya ba da amanar dukiyarsa ga mutumin da ke jona wayoyi a ɓoye kuma yana jingina lalacewar mota ga iskoki ba. An ce Baba ya rantse bai taɓa faɗin haka ba, amma bai yi doguwar jayayya ba. Da labarin ya iso ni, zuciyata ta ɗan sosu, sai na lallashe ta da cewa ai tsohon ya ƙware, gobe ma wani zai ba shi mota. Na yanke jar wayar, na sa sabon fuzibil, na miƙa motar ga sabon direba, wani saurayi mai son gudu.

Mako uku shiru, har na fara yarda da ƙaryata. Ashe wutar tana nan tana mutuwa, sabon direban ne bai damu ba. Tun da manyan fitilun gaba suna haska masa hanya, duhun tablo bai dame shi ba, balle ya tsaya sauya fuzibil. Ran nan yana dawowa daga Sukukutane da buhunan wake, ya hau kwalta daidai lokacin da duhun magariba ya fara rufawa, ya rage gudu don wasu shanu da ke tsallakawa. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke tafe a kan babur daga baya bai ga komai a gabansa ba sai da ya zo dab. Ya daki ƙarfen bayan motar. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ƙafarsa ta karye wuri biyu, kuma har yau in ya bi ta gaban garejina da ɗingishi yake wucewa.

Da jandarma suka saki motar, Alhaji ya sa aka kawo mini ita da kayanta a kai, don ba a ma samu sukunin saukewa ba. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ka ce ka cire ɓarawon wutar. To ga shi." Ya juya ya tafi.

Na tsaya ina kallon motar yadda buhuna suka danne ta, bayanta ya zauna har ya kusa taɓa taya. Sai a lokacin na tuna cewa duk sau ukun da na duba ta, babu komai a kanta. Maganar Baba ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya: sai an ɗoro kaya, sai an gangara an hau, sai fitilu suna kunne. Na sa sabon fuzibil, na kunna ƙananan fitilun, na roƙi mutum huɗu daga majalisa suka hau kan buhunan. Na ce su yi ta tsalle tare. A tsalle na uku na ji ɗan ƙara ƙas, tablo ya yi duhu.

Muka sauke kayan, na kwance ƙusoshin bodin muka ɗaga shi da jak. Ga abin nan a fili. Wata robar da ke tsakanin bodi da sasin motar, wato ƙarfen da bodin ke zaune a kai, ta cinye ta faɗi tuntuni, kuma daidai wurin ne damin wayoyin da ke zuwa baya ya ratsa. In motar ba kaya, akwai sarari kamar faɗin yatsa biyu, shi ya sa daga ƙasa ba ka ganin komai. In an yi lodi aka faɗa gangara, sai bodin ya sauko ya matse wayar a jikin ƙarfe. Rigar wayar ta goge, jan ƙarfen cikinta ya fito yana ƙyalli, gefensa duk baƙin tabon tartsatsi. Gyaran bai ɗauke ni rabin awa ba. Na naɗe wayar, na sauya mata hanya, na sa sabuwar roba. Ina gamawa na zauna a ƙasa a gefen taya. Mutanen da suka yi dariya ranar nan suna tsaye a kaina.

Washegari na je na sami Alhaji a mangazarsa na gaya masa gaskiya duka, har da cewa tun ranar na san jar wayar ba ta da laifi, kuma zancen doguwa daga bakina ya fito, ba daga bakin tsohon ba. Ya daɗe yana salati. Ya ce, "Ka sa na zalunci bawan Allah. Amma ni ma da laifina, don ban bincika ba." Ya ce in je in nemo Baba, makullin yana jiransa.

Ban same shi a tasha ba. Direbobi suka ce ya yi makonni yana zuwa yana zama, ko wani zai ba shi mota, amma sunan ya riga shi ko'ina. Masu mota matasa ba sa son a ce sun ɗauki mai hulɗa da iskoki, tsofaffi kuma suna tsoron kada fasinja su guje su. Yaran tasha in ya wuce sai su hure tafin hannunsu kamar masu kashe fitila. Da abin ya ishe shi sai ya tattara ya koma ƙauyensu.

Na hau babur na bi ta Tibiri har wajen Dumega. Na iske shi a bayan gida yana gyaran rumbu, ya rame, hannunsa duk laka. Da ya gan ni bai ɓata fuska ba. Ya sa aka kawo mini ruwa da fura, ya shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya kamar babu abin da ya faru. Wannan karamcin ya fi mini zafi a kan da ya zage ni. Na cire hulata na durƙusa na faɗa masa komai. Na ce, "Baba, gaskiyarka ce tun farko. Ka yafe mini don Allah. Alhaji ma ya ce ka dawo."

Abin da ya fara tambaya shi ne, "Malamin nan da ya bugu, yaya ƙahwar tashi?" Na ce da sauƙi. Sai ya tambaye ni inda wayar ta goge, na kwatanta masa, ya gyaɗa kai ya ce shi ma ya yi zargin wajen nan, amma bai so ya koya wa mai sana'a sana'arsa ba.

Ya shiga murza lakar da ta bushe a yatsunsa. Can ya ce, "Ɗana, na yahe maka, duniya da lahira. Korar ba ta dame ni ba, abinci na Allah ne. Amma shekara arba'in ina wanke kaina daga abin da aka san gidanmu da shi. Ban taɓa zagin uwata ba, ban kuma bi hanyarta ba, har mutane suka manta. Kai kuma da magana guda ka maido mini da shi. Mota ana gyara ta. Wanga suna wa za ya gyara?"

Ya ce in gaishe da Alhaji, in ce masa ya gode, amma ba zai iya komawa tashar nan ba. Na roƙe shi har sau uku, ya ce ido ma ya fara rauni, lokacin hutu ya yi. Na san ba ido ba ne.

Da na dawo na yi iya ƙoƙarina. Na tsaya a majalisa na faɗi gaskiya da bakina, na je tasha na faɗa, Alhaji ma ya faɗa a masallacinsu bayan salla. Wasu sun ji, sun ce Allah ya kyauta. Amma na lura gaskiyar ba ta da daɗin maimaitawa kamar yadda barkwancin yake da shi, don haka ba ta yi nisa ba. Na ci gaba da zuwa gaishe da Baba duk bikin salla, yana karɓata da fara'a, amma bai sake riƙe sitiyari ba har ya bar duniya, damina uku bayan haka.

Ranar da labarin rasuwarsa ya iso Dogon Dutsi, ina ƙarƙashin wata mota na ji wani a majalisa yana sanarwa. Wani ya tambaya, "Wane Baba ke nan?" Mai sanarwar ya ce, "Haba, direban doguwa mana." Bai faɗa da mugunta ba, har addu'a ya bi shi da ita. Shi dai da wannan sunan ya san shi. Na kwanta a wurin, sifana a hannu, hawaye yana gangarowa cikin kunnuwana.

Abin da wannan al'amari ya koya mini ba ya da yawa, amma da tsada na saye shi, kuma wasu ne suka biya. Yanzu duk direban da ya kawo mini mota, kafin in taɓa ko ƙusa ɗaya sai na zaunar da shi ya ba ni labari: yaushe abin ke faruwa, a ina, da kaya ko babu. Wanda ke wuni da mota ya fi wanda ya gan ta awa ɗaya saninta. In kuma aiki ya gagare ni, na koyi buɗe baki in ce ban gano ba tukuna, ko da gari duka yana tsaye yana ji. Kunyar wannan kalmar ba ta wuce yini ɗaya. Ni na guje mata, na ɗora wa dattijo abin da ya bi shi har kabari, kuma yafiyar da ya yi mini ba ta sa na daina jin nauyinsa ba.